Kafin Rabi'i

Dashen itace ɗari biyu, kowane da kejinsa na waya, riyal arba'in-arba'in. Kwamin ruwa huɗu. Tanki ɗaya. Ruwan da za a riƙa kaiwa har wata shida. Sai kuma maganata, wadda na ba mai gonar dashe ta waya na ce masa ni na tsaya. Abin da ya rataya a wuyana ke nan a waccan shekarar, kuma ranar da na gane haka mako biyar ne ya rage mini, alhali ina zaune hankali kwance ina ganin ina da wata tara.

Ni ɗan kasuwa ne. Tankunan ruwa nake sayarwa, da bututu, da tiyo, da kan famfo. Na zo Makka da jaka ɗaya, na fara da dako a Hindawiyya, na koma yawon gyaran famfo gida-gida a Utaibiyya, har Allah ya haɗa ni da kafili, ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo, wanda ya damƙa mini shago a wani babban fili mai katanga a Rusaifa. Hoshi ake kiran irin wannan fili. Mu ashirin da uku ne a ciki: masu shaguna, masu walda, direbobi, leburori da mai gadi. Yawancinmu Hausawa ne, na Najeriya da na Nijar, kowa da iƙamarsa, wato katin izinin zama, a aljihu.

Mai kula da hoshin, Mudir muke ce masa. Haifaffen Makka ne, ɗan ƙasa, amma kakansa da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa. Siriri ne, ya ɗan haura arba'in, ba ya son hayaniya. Hausarsa ta kakarsa ce. Yana ji sarai, amma in zai yi magana sai ya ɗauko kalma uku ta Hausa ya ɗinke su da bakwai na Larabci. Yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya a bayan idonsa: duk Asabar sai ya ɗauki madubin hangen nesa ya fita bayan gari, can gaba da iyakar Harami, ya zauna a kan dutse yana kallon tsuntsaye. Ba ya harbi, ba ya kamawa. Ya kalla, ya rubuta a ɗan littafi, ya dawo.

Wata Laraba bayan La'asar, a farkon Jimada Awwal, lokacin ɗan sanyin nan na Makka da ba ya daɗewa, Mudir ya tara mu a ƙofar ofishinsa aka zuba shayi. Ya ce in tsaya kusa da shi in riƙa fassara, don rabin leburorin ba su daɗe da zuwa ba. Ya ce surukinsa yana da tsohuwar gona a wani kwari arewa da gari. Rijiyar ta ƙafe, itatuwan kuma masu gawayi sun gama da su tun da daɗewa. Ya ce kowace shekara tsuntsaye suna tasowa daga Afirka, su ƙetare teku, su iso da ƙishirwa, a da can suke sauka su huta kafin su wuce arewa. Yanzu in ya je sai ya riƙa tsintar gawarsu a gindin duwatsu. Surukin ya yarda a yi dashe a sa ruwa, kuma gonar da shinge, ba ya barin maharba su shiga. Mudir yana so mu 'yan hoshi mu ɗauki aikin ya zama namu.

Babban mai waldarmu, wani Basakkwace mai faɗin ƙirji da ba ya riƙe magana a ciki, ya ajiye kofinsa.

"Tsuntsu? Mi tsuntsu ya rasa a garin ga? Ku tai bakin Harami ku ga tantabaru, suna cin alkama kyauta, ko wace ta fi ni ƙiba."

Aka yi dariya. Mudir ya ce waɗancan 'yan gari ne, ba su yake nufi ba, yana maganar matafiya. Sai mai gadinmu, wani dattijo ɗan Damagaram da kowa ke ce wa Baba, ya ɗago kai.

"Daga wajenmu suke tahowa, ka ce?"

"Aywa, ya ammi. Daga Afirka."

"To ashe baƙi ne irinmu. Su wa ke yi musu kafili?"

Wannan dariyar ta fi ta farko, kuma ita ta sassauta mutane. Mudir ya jira ta lafa, sannan ya ɗaga yatsa.

"Bas lazim mu gama kafin rabi'. Dashe, ruwa, kullu shai. Kafin rabi'."

Na juya na ce wa jama'a, "Ya ce dole a gama komai kafin watan Rabi'i." Mudir ya ji kalmarsa ta fito daga bakina, ya gyaɗa kai. Kowa a wurin ya yi lissafin da na yi: Rabi'ul Awwal bai daɗe da wucewa ba, mai zuwa kuwa sai an yi azumi, an yi Hajji, an shiga sabuwar shekara.

Ni na kawo tsarin da aka bi. Na ce ba za a ajiye akwati ba, ba kuma wanda zai riƙe kuɗin wani, don a ƙasar nan ba a tara kuɗi haka kawai sai da izini, kuma baƙo mai iƙama ya fi kowa sanin haka. Kowa ya faɗi dashe nawa zai saya, in lokaci ya yi ya biya mai gonar dashe da hannunsa, ya karɓi rasit da sunansa. Ni sunaye da adadin itace kawai zan riƙe. Ba kuma zan ɓoye ba, ba son tsuntsu ne ya sa na tsaya tsaye ba. Akwai wani ɗakin ajiya da zai fita daga hannun mai shi a ƙarshen shekara, ina so, kuma Mudir ne ke bayarwa.

Kwana uku na yi ina zagaya hoshi. Mutum in ya san akwai Umrar azumi da cinikin Hajji tsakaninsa da biya, bakinsa yakan yi sauƙi. Basakkwacen da ya yi ta ba'a ya ce a rubuta masa ashirin, bayan Hajji. Direbobi goma-goma, bayan Hajji. Leburori uku, huɗu, biyar. Baba ya ce biyar. Ni na ɗauki ashirin da tanki, Mudir ma ya faɗi nasa. Ranar Asabar muka cika ɗari biyu, da yamma na kai wa Mudir takardar. Bai ga "bayan Hajji" a jiki ba, don ban rubuta ba. A wajena ba abin rubutawa ba ne, kowa ya sani.

Mai gonar dashen wani Basudane ne da ya shekara bakwai yana sayen tiyo a wajena. Da Mudir ya kira shi, sai ya ce ɗari biyu ba wasa ba ne, yana so ya ji muryar wanda ya sani. Mudir ya miƙo mini waya.

"Alhaji, kai ne a ciki?"

"Ni ne. Ni na tsaya."

"Khalas. Zan ware muku zuwa rabi'."

Na ce masa madalla. Na ɗauka yanzu zai zuba iri a leda ya rena mana.

Mako uku da 'yan kwanaki bayan haka, a farkon Jimada Sani, ina ɗaure wa wani mai saye bututu a kan mota, Mudir ya shigo shagon da sauri, abin da ba ya yi.

"Ya Alhaji, mutum nawa suka biya? Basudane yana tambaya. Ya ce ko ɗaya bai gani ba."

"Wace gaggawa yake yi? Saura wata tara."

"Tara me?"

"Wata tara. Jimada Sani muke, sai Rajab, Sha'aban, Azumi…" Ina lissafawa da yatsu ina kallon fuskarsa tana sauyawa.

"La, la, la. Ya sheikh! Rabi'! Ba shahar ba. Fasl. Lokacin da ciyawa take fita, tsuntsu yake zuwa. Mako biyar, ba'den zafi ya shigo, dashe ya mutu."

Na saki igiyar, bututun suka zube ƙasa. Shekara ashirin da biyu ina cikin garin nan, ina ciniki da Larabci, ina faɗa da Larabci, har mafarki nakan yi da shi. Na san kalmar. Amma a Makka wa yake maganar rabi'i? Abin da muka sani zafi ne, sai ɗan sanyi, sai zafi ya dawo. Hayar shago, sabunta iƙama, buɗe Umra, duk da watan Musulunci muke lissafinsu. Da kalmar ta faɗo a tsakiyar zancen Hausa, kunnena bai yi shawara da ni ba, ya kai ta inda ya saba.

Daga ranar zama ya gagare ni. In na zauna a kujerar shago sai in miƙe, in fita tsakar hoshi, in dawo ban san abin da na fita nema ba. Kowace safiya in na buɗe shago sai in ɗora tafin hannu a kan tankin da ke waje in ji ko ya fi jiya ɗumi. Shekarar kuma ba ta wasa ba ce. Ita ce ta farko da aka fara karɓar kuɗin zaman iyali daga baƙi, wasu sun riga sun mayar da matansu gida, kuma jarina duk yana kwance a kayan da na sara don azumi. Da a ce zan iya zaro kuɗin ɗari biyun in rufe bakin kowa, wallahi da na yi, ba don kirki ba, don in huta. Ba ni da su.

Mudir ya ce mini, "Ka ce musu ni ne. Hausata maksura ce, karyayya, kowa ya sani." Na karɓi tayin. Na shiga shago biyu na ce, "Kun dai san Hausar Mudir," aka yi tsaki, aka girgiza kai, aka tausaya mini. Ya yi aiki sosai. Da na zo wucewa ta bakin ƙofa, Baba yana zaune a kan bencinsa yana gyaran carbin da ya tsinke, ya kira ni ba tare da ya ɗago ba.

"Alhaji, zo in tambaye ka. Ranar nan ina wurin. Shi ya ce wata, ko kai ka ce wata?"

Na tsaya. Na ce, "Ni na ce, Baba."

"To. Na zaci kunnena ne ya tsuhwa."

Ya ci gaba da zura ƙwayoyin carbinsa. Na koma shagunan nan biyu na warware abin da na faɗa, sannan na roƙi Mudir ya sake tara mutane.

A taron na tsaya na ce kuskuren nawa ne, ni na ƙara kalmar da ba a faɗa ba. Basakkwacen bai bari na rufe baki ba.

"Kai kac ce watan Rabi'i! Da kunnena na jiya. Ni alkawarin bayan Hajji niy yi, ban yi alkawarin Rajab ba."

Na ce gaskiyarsa ne, ba wanda zan kama da alkawarin da bai yi ba. Mudir, da yake yana so ya raba gardama, ya tambaya cikin sanyin murya yadda ake cewa rabi' da Hausa, don kada a sake. Nan wuri ya rikice. Wani direba ya ce bazara. Baba ya ce bazara ai ita ce uwar zafi, mahaukaci ne kaɗai ke dashe da bazara. Wani ya ce to damina ce, tunda ciyawa na fita. Aka ce damina da ruwan sama take, nan ina ruwan? Wani lebura ya ce kaka, aka yi masa ca. Mun fi minti ashirin, manya da gemu, muna juya lokutan shekara, ba mu samu inda za mu ajiye wannan ba.

"Kun gani ko?" in ji Basakkwacen. "Abin da ba shi da suna da Hausa, ba shi da kuɗi a aljihuna."

Ya tashi ya koma rumfarsa. Na bar shi ya huce kwana biyu, don na san shi. Ranar ta uku na je na same shi yana yanka ƙarfe, na tsaya har ya ɗaga gilashin fuskarsa.

"Malam, ban zo neman kuɗi ba."

"To mi ya kawo ka? Gaisuwa?"

"Kejin da Basudane ke sa wa dashe, riyal goma sha biyar yake lissafa shi. Wancan tarin guntayen wayar da ke bayan rumfarka, shekara nawa yana nan?"

Ya waiwaya ya kalli tarin, ya kalle ni.

"Kai dai Bakano ba ya zuwa wurin mutum banza."

"Da tsohon tankin ƙarfen can da ya huje a gindi. In aka tsaga shi gida huɗu, kwami nawa ke nan?"

"Huɗu, ɗan boko. Amma wayar walda kai za ka saya. Kuma kada wanda ya ce mini in yi sauri."

Da haka dashe ya sauko daga arba'in zuwa ashirin da biyar. Na koma zagaye, wannan karon ba na tambayar mutum nawa ya yi alkawari, sai nawa zai iya a makon nan. Mai goma ya koma huɗu. Mai biyar ya koma biyu, yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin. Wasu uku suka ce ba za su iya ko ɗaya ba, amma za su zo haƙa rami. Direban wayit, wato motar dakon ruwa, ya ce kuɗi ba shi da su, sai dai ya roƙi maigidansa ya bar masa motar sau ɗaya a mako in mun sayi ruwan da mai. Baba ya kawo rasit na biyar ɗinsa cif, bai rage ko ɗaya ba, kuma ban tambaye shi inda ya samo ba. Kowace rana da Azahar ina tsaye a ƙofar ofishin Mudir muna haɗa adadin, kowace rana kuma bai kai ba. Matata ta ce na koma cin abinci a tsaye kamar mai jiran mota.

Da mako na uku ya ƙare, abin da 'yan hoshi suka iya saya duka, har da nawa da na Mudir na farko, ɗari da goma ne. Mudir ya ƙara ashirin, na matse na ƙara goma. Ɗari da arba'in. Saura sittin da ba su da mai su, kuma maganata tana kansu.

Wannan ba zancen waya ba ne. Na ɗauki wanet ɗina, 'yar motar ɗaukar kaya, na tafi gonar Basudanen da hantsi. Ya zagaya da ni ya nuna mini layukan da ya ware, ɗari biyu cif, kowane ya kai gwiwa, an ɗaura musu jan zare. Ya ce makonni biyu da suka wuce wani mai kwangilar lambu ya zo da kuɗi a hannu yana son su duka, ya hana shi.

"Na ce masa na Alhaji ne. Ya ce wane Alhaji, ina takarda? Na ce wannan ba ya bukatar takarda."

Na gaya masa yadda aka yi, ban rage ba. Na zaci zai yi dariya da zancen watan, don duk wanda na ba labarin sai ya dara. Bai yi ba. Ya ce sittin ɗin nan in zafi ya shigo ba mai saye sai baɗi, kuma kafin baɗi sun fi ƙarfin ledarsu, ga ruwan da za su sha. Ga kejin ɗari biyu da ya riga ya sa aka yi masa, yanzu na ce ba ma so. Muka yi ta ja har rana ta take. A ƙarshe muka tsaya a kan zan kawo masa tiyon ban-ruwa nadi shida da bututu ashirin, kyauta, ya riƙe sittin ɗinsa da kejinsa. Ya miƙo hannu muka gaisa, amma bai sake hannuna nan da nan ba.

"Alhaji, ciniki tsakaninmu yana nan. Bas magana ta waya ta ƙare. In kana son abu, ka zo da kuɗi."

Na ce na ji. A hanyar dawowa na tsaya a gefen titi na kashe mota, na fito, na zagaya ta sau biyu, na koma na tayar.

Keji ya ci lokaci, don Basakkwacen sai ya gama aikin masu biya yake taɓa namu, kuma na yi alkawarin ba zan ce ya yi sauri ba. Nakan dai je in tsaya kusa da rumfarsa ina duba agogo, shi kuma ya riƙa rera waƙa yana yi kamar bai gan ni ba. Mako biyar suka cika keji tamanin ne a ƙasa. Mun riga mun shiga Rajab, tankin ƙofar shagona ya fara ƙona hannu tun kafin ƙarfe tara. Mudir ya daina tambayata, wanda ya fi tambayar ciwo. Sai da muka makara da kwana tara.

Mun fita ranar Juma'a bayan Asuba, mu goma sha shida a mota uku, da niyyar dawowa kafin huɗuba, muka koma washegari muka ƙarasa. Kwarin ba shi da komai sai duwatsu baƙaƙe da kututturan da masu gawayi suka bari. Ƙasar tana mayar da diga. Da aka sauke dashen, Baba ya tsuguna ya murza ganyen ɗaya, ya shinshina.

"Wannan da suke ce wa samur, ai kandili ne. Wancan kuma kurna. A bayan gidanmu akwai su."

Mudir yana da takarda da ya ciro daga kwamfuta mai nuna zurfin rami da tazara. Baba ya kalle ta a juye, ya mayar masa. Ya ce a garinsu ba a dasa itace a fili kamar an kafa sanda. Ya haƙa rami mai faɗi kamar tasa, ya tara ƙasar a gefen gangare ta zama ɗan bango, ya zuba busasshen kashin awaki da ya sa aka tsinto daga tsohon garken gonar, ya dasa, sannan ya jera duwatsu a gindin har ƙasar ta ɓuya. Ya ce dutse yana riƙe sanyi, rana ba ta shan ruwan. Aikin yana cin lokaci ninki biyu. Mudir yana kallon rana yana kallon takardarsa, ni ina kallon agogo. Muka raba: mutum shida suka bi Baba, sauran muka bi takarda don a gama. Ni ina cikin masu sauri. Na Baba hamsin suka dasa, mu casa'in.

Basakkwacen ya kafa kwamayensa huɗu a inuwar wani babban dutse, na haɗa su da tankin da bututu, na sa musu abin da ke tsayar da ruwa in sun cika. Da ruwa ya fara zuba ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"To ga shi nan. In sun zo ku ce musu wani Basakkwace na gaishe su."

Sau ɗaya na gan su da idona. A ƙarshen Rajab direban wayit ya yi zazzaɓi, na ɗora ƙaramin tanki a wanet na kai ruwan da kaina da sassafe. Tun daga nesa na ga bakin kwamayen yana motsi. Kurciyoyi ne, ba irin na gari ba, ƙanana masu zane a wuya, sun jeru kafaɗa da kafaɗa. Tsattsewa suna saukowa su taɓa ruwan su tashi. Akwai alhudahuda biyu a ƙasa, da wasu masu kore da rawaya da ban san sunansu ba. Na kashe mota na jira kada in kore su. Na yi niyyar minti biyar, don ina da mai jiran kaya ƙarfe takwas. Sai da ya kira ni sau uku.

Zafin shekarar bai yi mana sauƙi ba. Cikin azumi an yi mako biyu ba a kai ruwa ba, motar tana aikin otal-otal, kuma kowa ya ɗauka wani ya je. Ni ma haka na ɗauka.

Bayan Hajji, da gari ya yi sauƙi, ni da Mudir muka je muka bi layi-layi muna ƙirga. A cikin hamsin ɗin da aka dasa irin na Baba, arba'in da huɗu suna raye, wasu sun fara leƙowa ta saman keji. A cikin casa'in namu na masu sauri, talatin da tara. Tamanin da uku ke nan daga ɗari biyun da aka yi niyya. Kwamaye huɗu suna aiki, ɗaya yana ɗiga. Ni kuma na fitar da dashe talatin, da tanki, da wayar walda, da tiyo nadi shida, da bututu ashirin. Ɗakin ajiyar da na sa wa ido Mudir ya ba ni, ban ma tambaya ba, kuma cikin shekara ɗaya ya mayar mini da duk abin da na kashe har da ƙari. Ta wannan gefen na ci riba. Basudanen kuwa ya ci gaba da sayen tiyo a wajena har na bar hoshin, muna gaisawa, muna shan shayi. Sau biyu na gwada kiransa in ce ya ajiye mini wani abu zan zo, sau biyun ya ce in zo tukuna. Maganar nan tawa da yake karɓa ta waya, ban samu abin da ya mayar mini da ita ba.